Maƙogwaro Biyu a Jiki Ɗaya: Tarihin Kukan Tashin Kwamfuta da Dangantakarsa da Na'urar Sauti

Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi magana a kansa ƙarami ne ƙwarai, domin tsawonsa bai cika sakan guda ba. Watau ɗan kukan nan da kwamfutar tebur kan yi da zarar an danna makunninta, tun kafin wani rubutu ya bayyana a fuskarta. Ɗalibai sukan yi tambaya: yaya aka yi kwamfutar da ba a jona wa lasifika ba take yin wannan kuka, alhali kuwa in aka sa mata karatu ko waƙa sai ta yi gum? Yaya kuma aka yi wata, ga lasifika manya biyu, murya na fita raɗau, amma ba a taɓa jin ta yi kukan tashi ba? Amsar ita ce maƙogwaro biyu gare ta, kowanne da asalinsa da aikinsa, kuma tsakanin haihuwar na farko da ta na biyu akwai shekara shida. Manufar takardar ita ce bin sawun waɗannan maƙogwaro biyu, yadda suka rabu da yadda aka yi ta ƙoƙarin haɗa su, sa'an nan a duba abin da wannan ya shafa a bencin mai gyara a Kano da kuma a ajin koyarwa da Hausa.

Kurmin Jakara

Zan fara daga gida. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya kawo labarin Jakara tun zamanin Barbushe da mutanen Dala, kafin zuwan Bagauda. A lokacin Jakara kurmi ce mai duhu wadda ta kewaye wani baƙin ruwa, akwai kuma tsibiri a tsakiyar ruwan. An ce itatuwan kurmin ba sa motsi, sai fa in wata masifa na tafe wa ƙasa. A sa'an nan ne kurmin kan yi kururuwa sau uku, hayaƙi ya tashi daga tsibirin. Mutanen sukan yi yanka irin na maguzanci, sa'an nan su sake kasa kunne. In kururuwar ta ci gaba, to masifa ta sauka. In ta tsaya, an tsira.

Babu wata alaƙar tarihi tsakanin wannan labari da injiniyoyin kamfanin IBM na garin Boca Raton a Amurka. Na kawo shi ne domin ya nuna mana cewa Bahaushe ya daɗe da sanin wani irin sauti wanda ba magana ba ne, ba kuma kiɗan nishaɗi ba. Ma'anarsa tana cikin ƙidayarsa, yakan zo tare da alamar da ido ke gani, kuma bayan an yi magani akan koma a saurare shi domin a tabbatar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran kwamfuta ya ga waɗannan abubuwa da idonsa.

Da sarauta ta kafu sai wannan rarrabewa ta ƙara fitowa fili. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne aka danganta wa kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, shi ne kuma aka danganta wa shigo da kakaki. Kakaki da tambari da kuge kayan sanarwa ne. Ba a kiran mai kuge wurin biki ya nishaɗantar da 'yan mata, ba a kuma jiran mai garaya ya gama ɗaure tsirkiyarsa kafin a yi shelar yaƙi. Ƙarfe ne da ƙaho, muryarsa ba daɗi, amma ba ya bukatar shiri, kuma wanda ya ji ya san da magana.

Daga ƙararrawa zuwa lasifikar 1981

A ƙasashen Turawa ma asalin kukan kwamfuta ƙarfe ne. Na'urorin aika saƙo ta waya masu buga rubutu da kansu, irin su Teletype samfurin 33 da ya fito a 1963, suna da ƙararrawa ta gaske a cikinsu, wadda ɗan guduma ke bugawa domin jawo hankalin ma'aikaci. A ɗakunan labarai yawan bugun ne ke nuna girman labarin da ke shigowa. Da aka tsara jadawalin haruffan kwamfuta na ASCII a wannan shekara ta 1963, sai aka ware lamba ta 7 ga ƙararrawa: harafi ne da ba ya barin tawada a takarda, sai dai a ji shi. Bayan da allon gilashi ya maye gurbin takarda sai aka cire gudumar aka sa 'yar lasifika, amma sunan ƙararrawa bai canza ba har yau.

Ranar 12 ga Agusta, 1981, IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur samfurin 5150, wadda ita ce kakar mafi yawan kwamfutocin da ke ofisoshinmu. A cikin akwatinta akwai 'yar lasifika guda, faɗinta inci biyu da kwata, an jona ta kai tsaye da babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira bod. Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda take aiki, domin a nan ne dukan maganar take.

A kan bod ɗin akwai wata ƙwayar kiristal mai karkarwa kimanin sau miliyan 14.318 a sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin ninki huɗu ne na bugun da talabijin mai launi ta Amurka ke amfani da shi, ga irin wannan kiristal da araha a kasuwa, ga shi kuma zai yi amfani in an so a jona kwamfutar da talabijin. In an raba bugun nan gida 3 sai a sami miliyan 4.77, shi ne saurin ƙwaƙwalwar na'urar, watau Intel 8088. In kuwa an raba shi gida 12 sai a sami 1,193,182, shi ake shayar da wata 'yar aisi mai ƙidayar lokaci, Intel 8253. Ita wannan aisi maƙirga uku gare ta. Na farko yana riƙe agogon na'ura, yana bugawa sau 18.2 a sakan. Na biyu yana tunatar da na'ura ta riƙa sabunta abin da ke cikin ram don kada ya zube. Na ukun shi aka jona wa lasifika.

To, in ana son sauti, sai a ba maƙirgi na uku wata lamba ya raba 1,193,182 da ita, sa'an nan a buɗe masa ƙofa. In an ba shi 1,331, sai wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa sau 896 a sakan, takardar lasifika ta riƙa turowa tana komawa, kunne ya ji tsuwwa. Wannan lamba ce IBM ya sa wa kukan tashi. Babu ƙara murya, babu rage ta, babu haɗa amo biyu a lokaci guda. Ko dai wuta ko babu. Abin sha'awa a nan shi ne, tsuwwar da aka yi shekaru ana ji a ofisoshin Kano ta samo kaifinta ne daga tsarin talabijin na Amurka na 1953, tsarin da Nijeriya ba ta ma yi amfani da shi ba.

Me ya sa sai ta yi kuka? Idan aka kunna kwamfuta, ƙwaƙwalwarta ba ta san kome ba sai wata 'yar manhaja da aka dasa cikin aisi a kan bod, wadda ake kira Bayos. Aikin Bayos na farko shi ne bincikar gaɓoɓin na'ura ɗaya bayan ɗaya: ita ƙwaƙwalwar kanta, maƙirgan lokaci, kashin farko na ram, sa'an nan katin da ke fitar da hoto, da madannai, da sauransu. Matsalar ita ce, in cutar tana cikin ram ko katin hoto, to babu halin rubuta wa mutum kome a fuska, tun da ita fuskar ba ta tashi ba. Dole a sami wata hanyar sanarwa wadda ba ta dogara da gaɓoɓin da ake bincika ba. 'Yar lasifikar nan ba ta bukatar ram, ba ta bukatar faifai, ba ta bukatar hoto. Muddin akwai wuta, ƙwaƙwalwa na aiki, Bayos na karantuwa, to za ta iya kuka. A tsarin IBM gajeren kuka ɗaya na nufin lafiya lau. Dogo ɗaya da gajere ɗaya na nufin bod ne. Dogo ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto.

Da wasu kamfanoni suka shiga ƙera kwamfutoci masu kwaikwayon ta IBM, musamman bayan da kamfanin Phoenix ya fara sayar da Bayos nasa a 1984, sai kowa ya riƙe lasifikar da maƙirginta yadda suke, don kada manhajojin da aka riga aka rubuta su ƙi aiki. Amma ƙidayar kukan kowa ya yi tasa. A Bayos na AMI gajeru uku na nufin kashin farko na ram ya ƙi, takwas kuwa ram ɗin katin hoto. Phoenix ya karkasa nasa rukuni-rukuni, kamar ɗaya, uku, ɗaya, da ɗan shiru a tsakani. Saboda haka kuka uku a wannan gida ba lallai ya zama kuka uku a wancan ba, kamar dai yadda taken wannan sarki ba shi ne na wancan ba.

Zuwan maƙogwaro na biyu

Masu rubuta wasannin kwamfuta ba su gamsu da tsuwwa ba. Wasu sun yi dabarar kunna lasifikar da kashe ta da saurin da ya fi ƙarfin takardarta, har ta riƙa tsayawa a tsakiya, a ji wani abu mai kama da muryar mutum cikin shaƙewa. Kamfanin Microsoft ma ya taɓa raba wata 'yar manhaja a 1992 wadda ke sa Windows 3.1 ta yi magana ta wannan hanya, sai dai yayin da take magana sauran ayyuka kan tsaya cik, domin ƙwaƙwalwar na'ura ce ke dakan kowane bugu da kanta.

Maganin gaske ya zo ne ta ramukan da IBM ya bari a kan bod domin a riƙa cusa katunan ƙari. A 1987 kamfanin AdLib na Kanada ya fitar da katin sauti mai ɗauke da aisin Yamaha, wanda ke iya fitar da amo tara a lokaci guda. A 1989 kamfanin Creative na Singafo, ƙarƙashin Sim Wong Hoo, ya fitar da Sound Blaster, wanda ya ƙara da ikon ɗaukar murya da maimaita ta. Cikin shekara uku AdLib ya karye. Wannan kati shi ne maƙogwaro na biyu, kuma halinsa ya sha bamban da na farko. Yana juya lambobi su zama igiyar sauti mai hawa da sauka, yana da mashigar lasifikar waje, amma ba ya motsi sai ram ta tashi, faifai ya karantu, babbar manhaja ta hau, an kuma ɗora masa direbansa, watau 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakaninsa da na'ura. Shi kuwa Bayos ba shi da hanyar sanin ko akwai kati a ramin, balle ya san na wane kamfani ne. Don haka bai taɓa dogara da shi ba, ya ci gaba da kuka ta tsohuwar hanyarsa.

Za mu ƙara fahimtar haka in muka dubi kamfanin Apple, wanda ya bi wata hanya dabam. Macintosh ta 1984 maƙogwaro ɗaya gare ta tun farko: sautin tashinta da sauran sautukanta duk ta na'ura guda suke fita. Abin da ya ba ta wannan dama shi ne kamfani ɗaya ne ya ƙera bod da na'urar sauti da manhajar tashi, ya san abin da ya sa a ciki. Shi ya sa sautin tashin Mac ya zama amo mai daɗi, har ya koma tamkar take, aka cire shi a 2016 mutane suka yi ta ƙorafi, aka maido shi a 2020. Rabuwar maƙogwaro biyu a zuriyar IBM, ashe ke nan, 'ya ce ta buɗaɗɗen tsarin da ya bar kowa ya ƙera abin da ya ga dama ya cusa. Wannan buɗewa ita ce kuma ta sa kwamfutar ta yi arahar da ta iso mu.

Ƙoƙarin haɗa su

Tun zamanin Sound Blaster akwai katunan da ke da 'yan ƙusoshi biyu inda za a jona waya daga bod, don tsuwwar ta fito ta manyan lasifika. Amma haɗin gaske ya zo ne a 1997, lokacin da Intel ya fitar da tsarin AC'97, wanda ya sa na'urar sauti ta sauko daga kati ta zama aisi a kan bod. A ƙafafun wannan aisi an ware guda musamman domin karɓar tsuwwar tsohon maƙirgi, aka kuma shar'anta cewa ko aisin bai farka ba, tsuwwar ta wuce kai tsaye zuwa mafitar sauti, domin a ji ƙidayar kuka in na'ura ta ƙi tashi. Tsarin HD Audio da ya gaje shi a 2004 ya tanadi mai yin tsuwwa a cikin aisin sautin kansa. Da wannan ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ba ta da wurin ajiye lasifika iri biyu, take fitar da kukan tashi da karatu ta baki ɗaya. Baki ne ɗaya, amma hanyoyin da ke kaiwa gare shi biyu ne, shi ya sa a wasu samfura mutum kan rage murya har ƙasa, sa'an nan tsuwwa ta fasa masa kunne.

Sai kuma manhaja ta ƙara dagula lissafi. Daga Windows 7, wadda ta fito a 2009, in wata manhaja ta nemi a yi tsuwwa, ba a aika bukatar ga tsohon maƙirgi, sai a ƙirƙiri amon a miƙa wa na'urar sauti. Saboda haka tsuwwar da aka ji bayan Windows ta hau da wadda aka ji kafin ta hau, ko da sun yi kama a kunne, ba uwa ɗaya ta haife su ba. A ɓangaren akwatunan tebur kuma, lasifikar takarda ta koma wani ɗan baƙin maɓalli mai kamar ƙwayar gurjiya, daga baya masu ƙera akwatuna da yawa suka daina sa shi gaba ɗaya. Bod na zamani yakan zo da ƙusoshi huɗu a jere inda ya kamata a cusa shi, amma wurin fayau. Wasu sun maye gurbinsa da 'yan fitilu ko lambobi masu haske.

A bencin mai gyara

Kwamfutocin da suka cika shagunan buga takardu da na shiga intanet a Kano, da cibiyoyin jarrabawa da suka yawaita tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita dole a 2015, da yawansu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka aka shigo da su ta Legas. Irin waɗannan na ofis, kamar na HP da Dell, galibi suna da lasifikarsu a ciki. A tsofaffin samfuran HP na ofis kuka biyar tare da ƙiftawar jar fitila sau biyar na nufin ram, shida na nufin hoto, huɗu na nufin wuta. Ga kururuwa, ga hayaƙi. Mai gyara a Titin Beirut wanda ya san ƙidayar, in hunturu ya cusa ƙura tsakanin ram da raminta, ba ya bukatar kwance kome: ya zare ram, ya goge bakinta, ya mayar, ya sake kunnawa ya kasa kunne.

Haɗarin yana ga na'urar da ba ta da mai kuka. A da, shiru ma bayani ne: in an kunna ba a ji kome ba, to wuta ce ko ƙwaƙwalwa ko Bayos, tun da su ne kaɗai ke hana kuka. Yanzu shiru ya kasu biyu, akwai na wadda ta mutu, akwai na wadda ke ihu ba ta da baki. Wanda bai san tarihin nan ba sai ya jona manyan lasifika a koren rami na baya, ya ji shiru, ya yanke hukunci cewa bod ya ƙone. Alhali kuwa a yawancin kwamfutocin tebur wannan rami na maƙogwaro na biyu ne, wanda bai ma farka ba tukuna. Mai ita ya yi asarar kuɗin sabon bod, ko kuma na'urar da ƙura kawai ta dame ta ta faɗa hannun 'yan jari-bola, a fasa ta domin tagulla, ragowar ta tafi juji. Ruwan jujin birni kuwa, a wannan ɓangare na Kano, Jakara yake gangarawa, ita kuma ta wuce da shi ta lambunan da ke bakinta har madatsar Wasai.

Ƙwararru suna da gwajin da ya dogara kacokan kan abin da muka bayyana. Sukan cusa ɗan maɓallin kuka a ƙusoshin nan huɗu, su zare ram gaba ɗaya, sa'an nan su kunna. In ta yi kuka, to ƙwaƙwalwa da Bayos suna raye, domin su ne suka lura babu ram har suka yi ƙorafi. In ta yi shiru, sai a koma kan wuta da bod.

Batun suna

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafar wannan zaure. In muka ci gaba da kiran abubuwan nan biyu da suna ɗaya, lasifika, to mun gina ruɗanin a cikin harshe tun kafin ɗalibi ya taɓa na'ura. Na ji masu cewa a kira ƙaramin 'yar tsuwwa, kuma sunan ya dace da abin da kunne ke ji. Amma a ganina ya fi kyau suna ya nuna aiki, domin kaifin amon na iya canzawa daga kamfani zuwa kamfani, aikin kuwa bai canza ba tun 1981. Shawarata ita ce a kira shi kugen kwamfuta, a bar kalmar lasifika ga mai fitar da murya da kiɗa, a kira aisin da ke ciyar da ita na'urar sauti, sautin da ake ji kafin fuska ta haska kuma a kira shi kukan tashi. Wanda ya taso a birni ya san ba a rawa da kuge, ya kuma san in an buga shi akan tsaya a saurara. Da waɗannan kalmomi malami zai iya cewa: kugen wannan kwamfuta a jikin bod yake, na waccan ta lasifika yake fita, wannan kuwa ba a sa mata ba, kuma ɗalibi ya gane na'urori uku ne mabambanta ake nufi.

In kwamitin kalmomi ya karɓi wannan, ina roƙon a haɗa da darasin aiki guda a kwas ɗin kwamfuta na kwalejojin ilimi, inda kowane ɗalibi zai buɗe akwati da hannunsa, ya nemo ƙusoshin nan huɗu a gefen bod, ya lura cewa biyun gefe ne kaɗai ke ɗauke da waya, ya cusa kugen, ya zare ram, ya kunna, ya ƙirga.